Ruwan Safen da Ka Bar Mini

Malam Iliyasu ya rasu. Iliyasu Mai Albasa nake nufi, wanda gonarsa ce ta farko a layinmu in ka gangaro daga kan gada. Allah Ya karɓi abinsa ranar Laraba, sha biyu ga watan Fabrairu na shekarar 2025, ana dab da tsakiyar Sha'aban, jim kaɗan bayan an idar da sallar Azahar. Bayan La'asar muka kai shi makwancinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Assalamu alaikum. Ku yafe mini, labarin ya riga sallamar fita daga bakina, haka yake yi mini tun ranar da abin ya faru. Sunana Maikuɗi, manomin rani ne ni a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ban yi boko da ƙuruciya ba, sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yamma na manya, saboda haka hannuna ba ya sauri, kuma ban iya ƙawata zance ba. A makon nan zuciyata ta rabu gida biyu. Akwai baƙin ciki, akwai kuma wani farin ciki da nake jin nauyin nuna shi a gaban masu makoki. Da na zauna na duba sai na ga duka biyun daga hannun mutum ɗaya suka fito, don haka zan kawo su a jere yadda suka zo.

Malam, da kai zan yi magana, yadda muka saba a gindin mangwaronka.

Wanda bai san noman wajenmu ba sai an ɗan yi masa bayani. Ruwa yana zuwa mana ne ta babbar hanyar ruwa, a buɗe shi da asuba ya shigo ƙaramar magudanar da ta ratsa gonakinmu. Na bakin layi shi yake fara sha, sai na biye da shi, har a kai na ƙarshe. Kai ne na baki, ni ne na wutsiya. Kafin ruwa ya iso wurina rana ta take, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Mu kuwa manoman rani muna da wata ɗabi'a da muka gada: muddin ruwa yana gudu, mutum ba ya barin bakin gonarsa. Tsoro muke kada wani ya toshe ya karkatar, ko gefen fangali, wato ɗan yankin shuka da ake kewayewa da ƙasa, ya ɓalle ruwan ya tafi a banza. Tun da duku-duku nake fita in tsaya gadin ruwan da bai zo ba tukuna, ina leƙen na gabana kamar mai jiran rabon nama. In ya zo kuma in shiga cikin taɓo, rana tana dukan ƙeyata har La'asar. Abincina goro ne da shayin da na kurɓa a tsaye. Abin da maiɗakina ta aiko sau da yawa haka yake komawa gida da yamma, ya yi sanyi, kwanon ko buɗe shi ban yi ba. A wajenmu wannan shi ake kira jarumta.

Kai kaɗai ne ka ƙi wannan jarumtar. Kana gama ban ruwanka da hantsi, ka yi 'yar cirar ciyawa, rana tana fara zafi sai ka wanke ƙafafunka ka hau tudu. Akwai mangwaron da ka dasa da hannunka a bakin magudana tun kana saurayi. Nan kake shimfiɗa buhu, ka ci abincinka a zaune, ka yi sallah a kan lokaci, ka miƙe ka yi ƙailula da hula a fuska. In rana ta karya ka sake sauka. Kafin Magariba kana gida, ka yi wanka, kana zaune da iyalinka. Ko ranar da motocin tumatir suka cika hanya, dillalai suna ihu, kowa yana gudu da kwando a ka, ba ka taɓa sauya wannan tsarin ba.

Mun yi maka dariya, ba kaɗan ba. Muka sa maka suna Ma'aikaci. In ka hau tudu sai wani ya ɗaga murya daga cikin gona: "Ma'aikaci ya tashi daga ofis!" Kai kuwa sai ka ɗaga hula daga fuskarka ka ce, "Ku ci gaba, ai rana 'yar uwarku ce." Na taɓa tambayarka ko ba ka jin ciwon lokacin da kake zubarwa a gindin bishiya. Ka ce da ni, "Maikuɗi, ruwa ma rabonsa muke yi fangali-fangali. In ka sake shi gaba ɗaya a wuri guda, shukar ce za ta ruɓe. To me ya sa yini kaɗai za ka juye shi duka a rami ɗaya?" Na ji maganar, na yi dariya, na koma cikin taɓona.

Abin da ya hana ni zama, kai ka san shi. Ɗa ɗaya Allah Ya bar mini, shi ne na fari, wanda bakina bai saba kama sunansa ba. Alƙalami ba ya jin kunya, bari in rubuta: Jamaluddeen. Ya yi aure, ya kawo mana Saliha, yarinya mai ladabi da zafin nama, shekaru suna ta wucewa gidan shiru. Ba ni da wani buri a duniya da ya wuce in ga jikana, in ɗauke shi a hannuna kafin in mutu. Ina ganin duk wahalar da nake sha a rana tanadi nake yi wa wanda bai zo ba. Ban lura cewa wahalar tana neman ta ɗauke ni kafin ya zo ba.

Wata rana a tsakiyar kakar tumatir, ina sunkuye ina gyara bakin fangali, sai na ga ruwan ya yi baƙi. Abin da na sani ke nan. Daga baya aka ba ni labari cewa da fuska na faɗa cikin magudana, kuma kai ne ka hango ni daga kan tudu, domin kai kaɗai ne kake zaune inda ake ganin layin gaba ɗaya. Sauran kowa kansa yana ƙasa. Ka sheƙo da gudu, da shekarunka, ka jawo ni waje, aka tsayar da adaidaita sahu aka kai ni asibiti a Kura. Likita ta ce jinina ya hau fiye da kima. Ta ba ni magani, ta ce in riƙa shansa a kan lokaci, in ci abinci, in guji tsayuwar rana, in yi barci isasshe. Na ce mata to. A raina kuwa na ce wannan ba ta san wutsiyar layi ba. Ruwana da tsakar rana yake zuwa. In na guji rana, na guji gona, in na guji gona me za mu ci?

Ka zo duba ni a gida. Ka zauna a bakin tabarma kana jin ƙorafina har na gama, ka yi mini addu'a ka tafi. Ashe daga wurina gida-gida ka bi, ka sami duk masu gona a layinmu, ka roƙe su abu ɗaya: ruwan farko na asuba, wanda haƙƙinka ne tun zamanin mahaifinka, a bar shi ya wuce har wutsiya. Kowa zai sha nasa a lokacin da ya saba, babu wanda za a taɓa wa rabo. Kai ne za ka koma ƙarshe.

Ranar da na koma gona ban san da wannan shiri ba. Na iso da sassafe don in yi zaman jiran da na saba, sai na hango ka tafe a kan gaɓar magudana, fartanya a kafaɗa, kana tafiya a hankali daidai da tafiyar ruwa. Rako shi kake yi, kamar yadda ake rako amarya, kana cire masa ciyawa a hanya, kana duba kada ya ɓalle. Ka kawo shi har bakin gonata ka ce, "Ga baƙonka nan. Ka sallame shi kafin walaha, ina jiranka a sama."

Na ce, "Malam, kai kuma fa? Albasarka fa?"

Ka ce, "Da yamma zan ba ta."

Ni da kai mun san ruwan yamma. Lokacin an kusa rufewa, ƙarfinsa ya ƙare, sai ya riƙa rarrafe. A waccan shekarar albasarka, wadda ake zuwa daga nesa a saya tun tana gona, ta fito ƙanana, gefe guda ma ya ƙone. Na je na tsaya a kanta hawaye ya zo mini. Na ce ka karɓi ruwanka, na gode, na warke. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Albasa in ta ƙi bana, baɗi za a sake dasa ta. Kai in ka tafi, wa yake da irinka?" Daga baya ka koyi yadda za ka zauna da ruwan yamma, ka rage faɗin abin da kake dasawa, ka ƙara taki, albasar ta dawo hayyacinta ko da ba ta koma kamar da ba. Ba ka sake karɓar ruwan safe ba har ka bar duniya.

Haka na zama ɗan gindin mangwaro na biyu. Da farko zaman ya yi mini wuya ƙwarai. In na kwanta sai in ji kamar ana yi mini sata a gona, in zabura in zauna. Ka ce, "Kwanta, tumatir ba ya gudu." Ba ka taɓa fara cin abinci ba sai ka ga na buɗe kwanona, kuma kai ne mai tambaya ko na sha ƙwayata. A hankali jiri ya daina ɗaukata. Ciwon kan da na ɗauka gadon gidanmu ne ya tafi. Maiɗakina ta ce na daina faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, wai da can in na shigo gida har kaji suna neman wurin ɓuya. Masu kiranka Ma'aikaci suka fara hawowa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce ruwa ya zo sha, wancan ya ce aron wuƙa ya zo yi, sai ka ga mutum ya miƙe ƙafa. Yau in rana ta take inuwar ba ta isarmu.

Kai ne kuma ka ja ni ajin yamma. Da na daina dawowa gida a wujiga, sai na sami kaina da sarari bayan Magariba, ina kashe shi a teburin mai shayi ana musun siyasa. Ka ce wannan ma jini yake hawarwa. Ka kai ni makarantar firamare inda ake koya wa manya karatu, muka zauna a kan bencin yara gwiwoyinmu suna taɓa haɓa. Kai ka riga ka iya, rakiya kawai ka yi mini har na saba. Duk harafin da yake cikin wannan takarda daga wancan sararin ya fito.

Saura maganar Saliha, wadda ita ce mai nauyin. Yarinyar nan turara shinkafa take yi tare da matan unguwa. Aiki ne na wuta da hayaƙi: a jiƙa, a ɗora a ganga, a sauke, a kai shanya, a kwashe. Tun asuba take tsaye har duhu. Sau biyu tana samun rabo yana zubewa. Da na ukun ya zo, duk gidan kowa yana tsoro. Ranar awo a asibiti ta faɗo daidai da ranar da masu saye suke zuwa kwasar shinkafa, ita kuwa ba ta iya barin gangarta a ranar. Ni suruki ne. A al'adarmu ina ni ina zancen cikin matar ɗana? Ko kallon inda take ba na yi sosai. Na zo gindin mangwaro na kasa cin abinci, ka matsa mini har na faɗa maka a kaikaice.

Ka ce, "Wato kai an rako maka ruwa har gona, ita ba mai rako ta asibiti?"

Na ce, "Malam, da kunya."

Ka ce, "Kunyar ce za ta goya maka jikan?"

Ba ka tsaya nan ba, kuma ba ka sa na keta al'ada ba. Maiɗakinka Hajiya Kubra ka tura. Allah Ya saka wa wannan baiwar Allah. Duk ranar awo da sassafe sai ta shigo gidanmu da tsohon zaninta na aiki, ta karɓi gangar Saliha, ta tsaya a bakin wuta a madadinta, ta yi ciniki da masu saye, ta ce da ita, "Tashi ki tafi, 'yata, shinkafa ba ta san hannun wa ya juya ta ba." Ita ce ta zaunar da matan suka yarda cewa mai ciki ba za ta ɗauki buhu ba, kuma in rana ta take za ta shiga ɗaki ta kwanta. Kai kuma ka kama shi yaron a masallaci ka ce masa ranar awo babur ɗinsa ba shi da wani aiki sai wannan. Ni ban san abin da likitoci suka gani ko suka yi ba, kuma na san rayawa da kashewa na Allah ne. Abin da na gani da idona shi ne yarinyar ta murmure, fuskarta ta ciko, wata yana bin wata, cikin yana nan.

Ciwonka bai yi tsawo ba. Ranar Lahadi ka rako mini ruwa kamar kullum. Litinin ba ka fito ba, aka ce zazzaɓi ne da ciwon ƙirji. An kai ka asibiti, aka yi abin da za a iya, ka ce a mai da kai gida. Ranar Talata da yamma na zauna kusa da kai. Numfashinka yana yin sama-sama, amma da ka buɗe ido ka gan ni, abin da ka fara tambaya shi ne ko na ci abincin rana. Na ce na ci. Ka ce, "Ƙarya kake, na san fuskarka." Sai da aka kawo mini kunu na sha a gabanka. Sannan ka ce, "Yarinyar fa?" Na ce ana ta jira, ko yau ko gobe. Ka yi murmushi ka ce, "In ya zo ka kawo mini shi sama, in ga ko ya fi ka jin magana." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

A wurin zaman makoki na ji wani yana cewa a hankali, ba da mugunta ba, wai ga mai hutun ya riga masu wahalar tafiya. Ban amsa masa a can ba, wurin ba na musu ba ne. A nan zan amsa. Malam bai taɓa cewa ƙailula tana ƙara wa mutum kwana a kan ajalinsa ba. Ya girme mu duka a layin nan, kuma har makon da ya rasu da ƙafarsa yake zuwa gona, bai zama kaya a hannun kowa ba. 'Ya'yansa sun san fuskarsa da rana, sun ci abinci da shi, sun ji hirarsa. Da yawa daga cikinmu 'ya'yanmu sun tashi ba su san mu ba sai a matsayin wani gajiyayye da yake shigowa da duhu yana faɗa. Kwanakin da aka rubuta masa bai ƙara ko ɗaya ba, amma kowanne ya zauna a cikinsa.

To ga ɗaya labarin, wanda na riƙe tun farkon takarda. Ranar Juma'a, ranar addu'ar uku, muna zaune a ƙofar gidanka an ɗaga hannu ana fatiha, sai ga shi yaron ya zo ya durƙusa a bayana, ya raɗa mini a kunne. Malam, Saliha ta sauka! Namiji! Lafiya lau, ita da shi! Na rufe fuskata da babbar riga, mutane suna ba ni haƙuri suna cewa in yi tawakkali, ba su san kukan biyu ne a haɗe ba. Hajiya Kubra, tana cikin takaba, da labari ya shiga wurinta sai aka jiyo ta tana hamdala da ƙarfi har waje.

Na ɗauke shi, Malam. Na ɗauke shi da hannuwan nan da ka jawo daga cikin magudana. Yana da nauyi, yana da gashi, ya damƙe mini yatsa ya ƙi saki, tun yanzu ya fara nuna zai ƙwace mini mata. An ce ba a faɗin suna sai ranar suna, amma ni na kasa. Da aka miƙo mini shi in yi masa huɗuba, ban yi shawara da kowa ba, kuma da na ɗago na ga uban yana gyaɗa kai. Iliyasu na raɗa masa.

Ranar Asabar na fita gona da sassafe, ina tunanin yanzu kam ruwan safe ya koma inda ya fito, kuma ba zan ji haushin kowa ba. Sai na hango mutum tafe a kan gaɓa da fartanya a kafaɗa, yana tafiya a hankali. Gabana ya faɗi, don tafiyar taka ce. Babban ɗanka ne, Abdulrauf. Ya kawo ruwan har bakin gonata ya gaishe ni ya ce, "Baba, ya bar mana wasiyya. Ya ce muddin kana noma, ruwan safe naka ne."

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Iliyasu. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya shayar da na ƙarshen layi kafin kansa, Ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yadda ya tara mu a inuwa, Ka sa shi a inuwar Al'arshinka ranar da babu wata inuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kubra, da Abdulrauf da ƙannensa maza da mata, da jikoki, da dukkan mutanen layinmu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ranar Juma'a mai zuwa ne suna, bayan sallar Asuba, a ƙofar gidana. Duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, na Kura da na Bunkure da na Garun Malam, da wanda ya san Malam da wanda sai yau ya ji sunansa, ina gayyatarsa. In an shafa fatiha kowa ya je ya sallami ruwansa. Ranar da uwar jaririn ta yi arba'in kuwa, in Allah Ya kai mu, zan cika alkawari: in rana ta take zan ɗauke shi in hau da shi tudu. Mangwaron yana ta huda a bana, har ƙasa ta yi fari. Ku ajiye fartanya ku hawo. Ku zo ku ga Iliyasu.